Ina Za Ka da Kujerar Tsere a Cikin Ɗaki?

Na san ku sarai. Tun daga take wasunku suka taɓe baki, suka ce lallai ƙoshi ya yi wa marubucin nan yawa: buhun shinkafa na neman gagarar mutane, shi kuma ya zo zai yi mana dogon bayani a kan kujerar da yara ke zama su buga gem. To, ku gyara zama, in dai abin da kuke kai yana gyaruwa. Kai da kake karanta wannan a kan farar kujerar roba da aka ɗaure ƙafarta da waya, yi dariyarka a hankali, kada ta baje da kai kafin mu kai tsakiyar magana.

Bari in fara da kai, Alhaji, tunda kai ne babba. Ka ce kujera ai kujera ce, duk inda mutum ya sa mazaunansa ya zauna shi ke nan. Allah ya ƙara girma, amma ba kai ne ranar da za ka Abuja daga Kano ka yi sammakon tasha don ka kama gidan gaba ba? Ba kai ne ka biya kuɗin mutum biyu don kada a cusa maka wani a gefe ba? Da ka sauka kuma ba ka dafe kwankwaso ka yi salati ba? Wuni guda kawai ka yi a hanya. Ɗanka da ke ɗaki yana zana tambarin kamfanoni a kwamfuta da rana, ya buga ƙwallon PlayStation da dare, shi kullum wannan tafiyar yake yi, sai dai ba ya zuwa ko'ina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a duniya, kuma a cikin abubuwan da ke kassara mutane su hana su aiki shi ne kan gaba. Ban ce kujera ce ta jawo musu duka ba. Na dai ce baya ba abin wasa ba ne, kuma kai ma shaida ne, tunda man zafin da ke ƙarƙashin matashinka ba don ƙamshi ka ajiye shi ba.

Ku kuma samari da na ji kun fara tafi, ku dakata, don rabonku ya fi na Alhaji kauri.

Ga wanda bai taɓa ganin abin ba: kujera ce doguwa har ta wuce kai, baƙa da ratsin ja ko shuɗi, da fikafikai a kafaɗa da gefen cinya, da ramuka biyu a saitin wuya, da 'yan matasai biyu masu igiya, tana tsaye a kan ƙafa biyar masu taya. Kamfanin DXRacer, wanda a da kujerun motoci yake ƙerawa, shi ake dangantawa da fito da ita a 2006. Wato kujerar motar tsere aka ɗauko aka ɗora a kan gindin kujerar ofis. A cikin motar kuwa kowace gaɓa tana da aikinta. Fikafikan nan suna riƙe direba ne in ya sha kwana a guje, kada ya watsu gefe. Ramukan wuya hanyar bel ce mai saukowa ta kafaɗu biyu. Bakin wurin zaman da aka ɗaga sama yana taimakawa kada direba ya zame gaba in ya taka birki da ƙarfi. Duk wannan hikima ce, a kan titin tsere.

Yanzu ka faɗa mini, ɗan samari, wace kwana kake sha tsakanin gadonka da akwatin talabijin? Wane birki kake takawa? Fikafikan da suka ceci direba, kai matse maka cinya suke yi, su hana ka buɗe ƙafa, su hana ka harɗe ta kamar yadda ka saba tun kana makarantar allo. Na kafaɗa kuma, in kai mai faɗin ƙirji ne, turo maka kafaɗu gaba suke yi, su taya ka ranƙwafawar da ka sayi kujerar don ka rabu da ita. Bakin da aka ɗaga yana danne bayan cinya, inda jijiyoyi da hanyoyin jini ke wucewa, shi ya sa bayan an jima ƙafa ke yin tsami, ka miƙe kana ɗingishi kana zargin mayu. Ramukan bel kuwa an samo musu aiki, ta nan ake zura igiyar matashi, kada a ce a banza aka huda su.

Za ka ce in haka ne me ya sa manyan 'yan gem na duniya duk a kanta suke zama? Tambaya mai kyau, amsarta kuma tana bayan kansu. Tun da aka buɗe dandalin Twitch a 2011, mutane suka koma kallon masu buga gem kai tsaye, kyamara na kan fuskarsu sa'o'i da yawa. Me ke bayan fuskar? Dogon kan kujera da sunan kamfani a ɗinke. Kamfanonin suka riƙa ɗaukar nauyin gasanni da ƙungiyoyi, suna raba kujeru. Allon talla ne mai taya, kai kuma ka biya kuɗinka ka kafa shi a ɗakinka inda ba mai gani sai ƙannenka. Masu arahar da ke cika shafukan Amazon da Jumia da Jiji kuwa, akasarinsu daga masana'antun ƙasar Sin suke fitowa, musamman gundumar Anji da ke lardin Zhejiang, wadda ta yi suna wajen ƙera kujeru masu juyawa. Shi ya sa za ka ga kujera goma masu suna goma, amma ƙira ɗaya, noti ɗaya, har takardar bayanin haɗawa ɗaya. Musun da kake yi da abokinka kan taka ta fi tasa, wataƙila mota ɗaya ce ta kwaso su daga bakin masana'anta.

Abin da zai ba ka haushi shi ne manyan sun riga sun fara janye jiki daga wannan ƙira. Secretlab, da wasu 'yan gem biyu, Ian Ang da Alaric Choo, suka kafa a Singafo a 2014, ya shimfiɗe wurin zaman manyan kujerunsa, ya sa tallafin kwankwaso a cikin majinginar kanta, ana murɗa shi ya fito ko ya koma. A 2020 kuma Herman Miller, tsohon kamfanin kujerun ofis na Amurka, ya haɗa kai da Logitech suka fitar da kujerar 'yan gem a kan dala 1,495. Je ka duba hotonta. Ba fiffike, ba ramin bel. Kujerar ofis ce da Herman Miller ke sayarwa tun 2008 mai suna Embody, aka ƙara mata soso aka sauya launi, da garantin shekara 12. Masu kuɗin sun sauka daga motar tsere, an bar ka a ciki da kujerar dala ɗari da 'yan kai.

Na ji Alhaji ya ce dala dubu da ɗari biyar a kujera, wannan ai sadaki ne har da lefe. Gaskiyarka, kuma ba na aika kowa ya saya. Mai araha muke magana, to mu duba inda aka rage don ta yi arahar, tunda kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wurin farko soso ne, don ba a ganinsa a hoto. Kujera mai kyau ana zuba mata soso a cikin ma'auni ya daskare da siffar wurin zaman, mai nauyi, wanda in ka danna ka saki zai dawo nan take. Mai araha yankakken soso mara nauyi ake shimfiɗa mata a kan katako ko ƙarfe. Ranar farko laushi kamar me, har ka kira mutane su zo su ɗana. Bayan 'yan watanni tsakiya ya lotsa, ƙasusuwan mazaunai su fara gaisawa da abin da ke ƙasa. Laushin ranar farko ba alamar kirki ba ne. Wanda ya ɗan yi tauri a shago shi ne zai raka ka. Duk mai ɗinkin kushin a garinku ya san wannan, je ka tambaye shi bambancin soso da soso, zai ba ka darasi kyauta har da ƙari.

Sai rigar kujerar, wadda mai talla ya ce maka fata ce. Ba saniyar da ta mutu a kanta. Yadi ne aka shafe fuskarsa da siririyar roba, kuma wannan robar ba ta shiri da zafi, ba ta shiri da gumi. Danshi da zafi suna cin ta a hankali har ta fara tsagewa tana ɓarewa, ka tashi ka ga baƙin ɓarɓashi a bayan farar jallabiyarka. Waɗanda suka zana ta ɗaki mai sanyi suka hango. Kai kuwa a Sakkwato kake ko Maiduguri ko Yamai, inda a watan Afrilu zafi ke haura digiri 40, ga wuta an ɗauke, ga fanka ta tsaya. Roba ba ta numfashi. Minti kaɗan bayanka ya jiƙe sharkaf, in za ka tashi sai kun yi sallama da kujerar da wata ƙara da ba za ka so baƙo ya ji ba. A ƙasarmu kujera mai majinginar raga ko mai rigar yadi ta fi wannan nesa ba kusa ba, ko da ba ta yi kyau a hoton da za ka sa a Facebook ba. In kuma ka riga ka saya, shimfiɗa mata tawul ko zanen auduga, ka nisanta ta da taga inda rana ke dukanta, in ta ɓare ka kai wa mai kushin ya yi mata sabuwar riga da yadi. Abokan wasana Zazzagawa, na san jira kuke Bakano ya gama yayinta ku karɓa a gwanjo. To ku tanadi kuɗin mai kushin tun yanzu.

Akwai kuma sandar nan ta tsakiya da ke ɗaga kujera ta sauke ta. Silinda ce mai matsattsiyar iskar nitirojin a ciki, kuma an kasa ta aji huɗu, na huɗu ne mafi kaurin ƙarfe. In ta fara gajiya za ka sani ba sai an gaya maka ba: kana zaune kana zance sai ka ga tebur yana ƙara tsawo, kai kana nitsewa sannu a hankali har haɓarka ta kusa kai kibod. Abin daɗin shi ne ana sauya ta, tayoyin ma haka, don mafi yawansu girma ɗaya ne. Abin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi shi ne gindin mai ƙafa biyar in na siririyar roba ne ya tsage, ko waldar ƙarfen cikin majingina ta saki. Da yawa daga masu arahar ana rubuta musu cewa suna ɗaukar kilo 130 zuwa 150. Wanda ya rubuta yana nufin mutum ya zauna a natse, ba ya faɗo mata daga sama bayan an zura masa ƙwallo a minti na casa'in ba. In mai shago ya ce kayansa sun ci gwajin BIFMA, ƙungiyar masu ƙera kayan ofis ta Amurka mai tsara ma'aunin ƙarfin kujeru, ka ce ya nuna maka a rubuce. Ka lura da fuskarsa lokacin da kake tambayar.

'Yan matasan nan biyu su ne abin alfaharin mai kujera. Dabarar da ke bayan na ƙasan gaskiya ce: ƙasusuwa biyar na ƙasan gadon baya sun ɗan lanƙwasa ciki, in mutum ya daɗe a zaune ƙugu yakan juya baya, lanƙwasar ta baje, to ana son wani abu ya tokare wurin. Matsalar ita ce majinginar mai araha a miƙe take sak, sai aka rataya mata matashi mai kauri da igiyar roba. Ya yi kauri ya turo ka gaba, ya zame ƙasa in ka motsa, ka wuni kana jawo shi. Tawul da aka naɗe aka sa a daidai saman bel ɗin wando yana yin wannan aikin, har ya fi, don kai ke zaɓar kaurinsa. Na wuyan kuwa mutum ɗaya aka auna aka ɗinka wa duniya. In kai gajere ne ya tokare maka ƙeya ya turo kanka gaba, in dogo ne ya sauka a tsakanin kafaɗunka. Cire shi ba laifi ba ne, ba wanda zai kai ka ƙara.

Hannayen kujerar ma abin dubawa ne. A mafi arahar a kafe suke, ba sa hawa ba sa sauka. In sun yi tsawo, kafaɗunka a ɗage za su wuni, da yamma wuya ya riƙe. In kuma suka ci karo da bakin tebur, kujerar ba za ta shiga ƙarƙashi ba, dole ka miƙa wuya da hannu ka bar majinginar da ka biya kuɗi dominta. Ba na ma maganar abin da suke yi wa aljihun jamfa da hannun babbar riga. Alhaji, in ka je duba ɗanka ran Juma'a, naɗe rigarka kafin ka gwada kujerar, kada tela ya ci kuɗinka a kan abin da tun farko ba ka yarda da shi ba.

Yanzu ga hujjar da samari ke taƙama da ita: tana kwantawa har digiri 180, ga wurin miƙe ƙafa. Madalla. Wato ka sayi gado na biyu, siriri, mai taya, wanda zai iya tuntsurewa da kai. Wasu ma har bincike suke jawowa, kuma binciken gaskiya ne. A 2006 Dokta Waseem Bashir da abokan aikinsa suka ɗauki hoton gadon bayan mutum 22 da na'urar MRI a asibitin Woodend da ke Aberdeen, suna zaune iri uku: a ranƙwafe, a miƙe tsaf, da a kishingiɗe. Suka ga kishingiɗa ta digiri 135 ce ta fi sauƙaƙa wa faya-fayan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya. Amma mutum 22 ba su da yawa, kuma kwance a haka ba ka isa kibod ba, allon ma sai ka ɗago wuya za ka gan shi. Mai aiki a tebur ɗan jingina kaɗan ya ishe shi, ya wuce miƙewar soja da 'yan digirori. Mai riƙe da pad a gaban talabijin shi ne zai iya more kishingiɗar.

Shi ɗin ma ƙarya yake. Na ga yadda kuke buga ƙwallon nan. Muddin ana ci ɗaya da ɗaya kuma lokaci ya kusa ƙarewa, ba mai jingina. Kowa ya zamo bakin kujera, gwiwar hannu a kan gwiwa, wuya a miƙe, baki a buɗe. A wannan lokacin kujerar dala dubu da bencin gidan gem na bayan layinku duk ɗaya suke, don santimita goma na gaba kawai ake amfani da su.

A nan ne, Alhaji, zan ba ka rabin gaskiyarka, kada ka ce na yi son kai. Ka ce kakanninmu a tabarma suka rayu. Haka ne, amma ka lura da mai zaman tabarma: ya harɗe, ya miƙe ƙafa ɗaya, ya kishingiɗa a gwiwar hannu, ya tashi ya amsa sallama, ya koma. Ba ya minti goma a siffa ɗaya. Masu nazarin yadda kayan aiki ke dacewa da jikin mutum sun daɗe suna cewa ba wani zama guda da ya dace a daskare a cikinsa, sauyawar ce magani. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Babban laifin kujerar tsere ke nan a wurina, an ƙera ta don ta kafe mutum. Yaron da ke tashi ya yi alwala ya tafi masallaci in an kira salla, ya miƙe kowane rabin awa ya sha ruwa, ya yi wa bayansa abin da matashi mai igiya ba zai yi masa ba. Sai dai kada ka yi saurin cewa ka ci gari: ba a aikin kwamfuta na awa takwas a tabarma, wuya ne zai biya bashin. Rabi na ce.

Hajiya, ke kuma na ji kin ce ko dai dillalin masu kujerun ofis ne ni. Da ni dillali ne da ban aika kowa wurin mai kushin da tawul ba. Tunda jakarki za a taɓa, ga abin da za ki ce wa yaron ya yi a gabanki. Ya zauna har ƙugunsa ya taɓa majingina. Tafin ƙafarsa ya sauka ƙasa daram, cinyarsa a shimfiɗe. Ya zura yatsu biyu ko uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarsa, in ba su shiga ba kujerar ta yi masa zurfi. Gwiwar hannunsa ta zo daidai da saman tebur ba tare da ya ɗage kafaɗa ba. Yawancin tebura suna kusan santimita 75, don haka gajere sai ya ɗaga kujera ya sa wani abu ƙarƙashin ƙafa. Saman allon ya zo saitin idonsa, nisan hannu ɗaya a miƙe. Ya yi aƙalla kwata na awa a kanta a shagon, ko mai shago zai ɓata rai. Ba a sayen takalmi daga hoto, balle abin da za a wuni a kai.

In ya ci wannan gwajin a kan mai ratsin ja, mai shimfiɗaɗɗen wurin zama da rigar yadi da hannayen da ke hawa da sauka, ki saya masa, ba haramun ba ce, kuma ta fi kujerar roba da bakin gado. In kuwa a kuɗi ɗaya aka ajiye masa ita da tsohuwar kujerar ofis mai raga, irin waɗanda ake gwanjonsu in ofisoshi sun sauya kaya, silindarta lafiya, gindinta na ƙarfe, to ki ɗauki ta ofis ɗin. Zai yi fushi na mako guda. Ki bar shi ya yi.